Ƙwan Lantarkin da Na Sa Gadi

Gwagwalada, Abuja

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sa ka shiga sabon ɗakinka na Nyanya da ƙafar dama, Ya haɗa ka da maƙwabtan kirki da ogan da ke tsoron Allah. Labarin gida babu wanda zan ba ka, tunda yanzu haka ina jin motsinka a ɗaki kana neman ɗaya ƙafar takalminka. Ummanka za ta cusa maka wannan a jaka, sai ka isa ka gani. Ka san halina, in na zaunar da mutum da niyyar yi masa nasiha, sai in ɓige da tambayarsa yadda hanya take.

Tun kana goye na taɓa jin wata jita-jita a motar haya, mun maƙale a gosulo tsakanin Masaka da Nyanya. Wani mai kiwon kaji ne, da kiret ɗin ƙwai a cinyarsa, ya ce wai hasken ƙwan lantarki in ya riƙa kwana a kan mutum, shanye masa farin ciki yake yi. Ya ce a kajinsa ya fara gani, in ya bar musu fitila har safe sai su bi juna da caccaka har jini. Ya ƙara da cewa akwai wani babban oga a cikin gari, gidansa da daddare kamar filin jirgi, wai sai ya sulale ya je ɗakin direbansa ya kwana don can ne kaɗai ake samun duhu, kuma wai babu abin da ya dawo da shi hayyacinsa sai dafaffen ganye.

Na ce, "Malam, mu mutanen Nyanya wutar ma ina muka gan ta, balle ta shanye mana wani abu? A kawo mana ita tukuna, in ya so ta shanye."

Mota ta kwashe da dariya, direba har da dukan sitiyari. Mai kaji ya gyara riƙon ƙwansa ya ce, "To, oga, Allah Ya kawo muku." Na sauka ina jin kaina mai wayo. Addu'arsa kuwa ta karɓu, sai dai ta yi shekaru a hanya.

Ga abin da ya sa na tono wannan tsohon zance. Watannin nan da ka gama hidimar ƙasa ka zauna jiran aiki, ina kallonka. Hasken waya a ƙarƙashin ƙofarka har kiran assalatu, barci da hantsi, tuwo ya dawo kicin yadda aka kai shi, ƙanwarka ta yi maka sannu ka amsa mata kamar ta taka ka. Na gane baƙon, domin ya taɓa sauka a wurina, ya daɗe, kuma da ƙyar muka raka shi. Yanzu alhamdu lillahi ka warware, aiki ya samu, fuskarka ta dawo. Amma aikin naka na zaman gaban kwamfuta ne, wani mako da rana wani mako da dare, a ofishin da ka ce ko taga babu, kuma za ka inda babu Ummanka. Tsorona kada ciwon damuwar nan ya bi ka can ya same ka kai kaɗai. Shi ya sa zan ba ka labarin yadda ya kama ni, da wautar da na yi ta yi kafin ya sake ni.

Ka tuna gidan hayarmu na Nyanya, mai ɗakuna suna kallon juna? Ƙila ka tuna rijiyar da mangwaron, amma ba za ka tuna mai gadinmu ba. Ƙwan lantarki ne guda ɗaya, a saman gadona daidai. Sana'ata ɗinki, kuma keken aikin wuyan riga da dutsen guga ba sa motsi sai da wuta, ita kuwa wutar ba ta da alƙawari, ranar da ta ga dama ta zo da la'asar, ranar da ta ga dama sai gari ya yi tsit. To dabarar da kowa ke yi a unguwar ita ce a bar makunni a kunne a kwanta. Da an kawo, ƙwan ya haske maka ido, ka yi zumbur ka miƙe. Mata su nufi guga da markaɗe, samari su nufi caji, ni in hau keke in yi ta aiki har a ɗauke. Mu muka raɗa wa ƙwan suna mai gadi, kuma gaskiya bai taɓa gyangyaɗi a bakin aiki ba. Da shi na ciyar da ku, ba zan zage shi ba. Amma shekara da shekaru ya koya wa jikina cewa haske na nufin tashi, har na zama ko ina barci rabin raina yana kan silin yana jira.

Da Allah Ya hore muka gina nan Gwagwalada, abin da na fara sawa tun kafin fenti shi ne sola. Na bi ɗaki-ɗaki na ɗaura fararen ƙwayaye masu kashe ido, na kafa wata babbar fitila a waje tana haska tsakar gida har ta leƙo ta tagar ɗakina. Na ce saboda ɓarayi ne. Tsakanina da kai, har da don maƙwabta su gani. Sai kuma na tarar hannuna bai iya kashe wuta ba. A Nyanya ba mu ke kashewa ba, ɗauke mana ake yi. In na kai yatsa kan makunni sai in ji kamar butulci zan yi wa Allah, irin na mai ƙishirwar da ya samu ruwa ya zubar. Haka mai gadi ya biyo ni sabon gida, ya tsaya a kaina har safe yana ta shelar an kawo wuta, alhali babu aikin da ke jirana.

Abin bai zo mini da gudu ba. Barci ya fara zama guntu-guntu, in farka jikina kamar an yi mini duka. Daga nan abinci ya daina ɗanɗano. Na daina zuwa majalisar ƙofar masallaci, inda a da ni ne uban surutu. Wata rana na shimfiɗa shaddar wani ango na yanka ta ba daidai ba, abin da ban taɓa yi ba tun ina koyon aiki, na zauna ina kallon almakashi hawaye na zuba, kuma wallahi ba don shaddar ba, ban san don me ba. Lokacin kana makarantar kwana. Ka zo hutu, na ji ka a kicin kana tambaya ƙasa-ƙasa, "Umma, wai me na yi wa Baba?" Ban ba ka amsa ba a lokacin, ga ta yau: ba ka yi komai ba. Ubanka ne ba shi da lafiya, shi ma bai sani ba.

Za ka tarar har yau ana sa mai gadi a Nyanya. Kada ka ɗauke shi aiki. Ka jona wayarka a soket can nesa da kai, in an kawo ta sha da kanta, kai kuma ka kashe makunni ka kwanta. Guga ta jira safe. Tun muna yara ake gaya mana dare sutura ne, ni kuwa na yi shekaru ina yaye ta da hannuna ina mamakin sanyin da nake ji.

Daga nan na shiga neman mai laifi. Na ce Ummanka ta canja hannun girki. Na ce ƙannenka sun cika hayaniya. Da waɗannan suka ƙare, na koma kan wani tela da ya buɗe shago kusa da nawa, na ce ba banza ba, tun zuwansa na rasa kaina. Bawan Allah kullum shi ke fara gaishe ni, ni kuwa ina leƙen bakin ƙofata ko an binne mini wani abu. Ko'ina na duba ban da saman kaina. In aka ce, "Malam, lafiya?" in ce gajiya ce, wai ni magidanci. Kai kada ka yi haka. In ka ji ƙirjinka ya yi nauyi ba dalili, kafin ka zargi oganka ko maƙwabcinka, tambayi kanka yaushe rabonka da barcin kirki. Sannan ka faɗa wa wani. In kana jin nauyina, Ummanka na nan.

Wata rana na shiga gari sayen zare, na biyo ta tashar Nyanya. Ga mai magani ya buɗe bayan mota da lasifika: "Maganin basir, maganin shawara, maganin damuwa da tunani! Wanda oga ya sa wa ido a ofis, wanda mai gidan haya ya dama, ku matso!" Na tsaya kamar mai gyara takalmi. Ya hango ni.

"Alhaji, matso, ai daga nan na gan shi a idonka."

"Me ka gani?"

"Tunani. Ga shi nan, tataccen ganyen daji ne, murfi ɗaya in za ka kwanta."

"Me da me ke ciki?"

"Haba Alhaji, in na faɗa maka ai ka zama abokin sana'a."

Na karɓa. Baƙin ruwa ne a tsohuwar gorar roba, ko harafi ɗaya babu a jikinta. Na ɓoye wa Ummanka, na riƙa sha ina zaune a ƙarƙashin mai gadi. Zan ba mai maganin gaskiyarsa, kwana biyu ban yi tunanin komai ba sai hanyar bayi. Duk kwalbar da mai ita ya ƙi faɗa maka abin da ke ciki, bar masa kayansa ko da rantsuwa yake. Ta tashar nan za ka riƙa bi safe da yamma, lasifikarsu kuma ta iya kiran mai damuwa kamar ta san sunansa.

Wadda ta sake kawo mini zancen mai kaji ita ce Maman Dauda, maƙwabciyarmu ta Nyanya, mutuniyar Filato, wadda ke ba ka gwate kana ƙarami. Ta zo shagona na ƙofar gida da hantsi, da atamfar ankon matan cocinsu. Ummanka ta fito mata da ruwa. Maman Dauda ta ajiye kaya ta ƙura mini ido.

"Oga Tela, wannan fuska naka bai yi mini ba."

"Gajiya ce, Madam."

"Gajiya ina? Ni na san gajiya." Ta ɗaga kai ta ga ƙwai yana ci a shago, ga rana fatse a waje. "Haka kana barin wuta har ɗakin kwana?"

Ummanka ta riga ni. "Har safe, Maman Dauda. Na yi magana har na gaji."

"To shi ne yana cinye shi. Baban Dauda haka ya yi lokacin yana gadi a kamfani, fitila a kansa har gari ya waye. Ya dawo gida ba magana, ba dariya, ko yara ba ya so ya gani. Sai da na rufe taga da bargo, na dinga dafa masa ganye."

Na ce, "Madam, na taɓa jin wannan a mota, a kan kaji aka faɗa."

Ta ce, "To kai da kaji wa ya fi taurin kai? Abeg, uwargida, bar shi, zo mu yi magana a ciki."

Ranar da la'asar na shiga ɗaki na tarar da Ummanka a tsaye kan kujera tana kwance ƙwan da ke saman gado.

"Ke, lafiya? Me ya yi miki?"

"Sallamarsa na yi, Malam. Ya yi aiki, Allah Ya saka masa, ya je ya huta."

"Da izinin wa? Ni na ɗauke shi."

"Kai ka ɗauke shi, ni ke jinyar wanda ya hana barci."

Ta naɗe shi a tsumma ta jefa cikin kwanukanta, inda ta san ko da wasa ba zan sa hannu ba. Ta rataya tsohon bargo a taga, ta sa aka juya fitilar waje ta kalli titi. Na yi faɗa iya faɗa, har da cewa an raina ni a gidana. Ta bar ni na gama, ta tambaye ni ko ina son zuma a shayin.

Shayin ka san shi, shi ne wanda ta riƙa tura maka watannin nan ba ta ce maka komai ba. Ciyawar shayi ce, wadda a nan ake ce wa lemun giras, da na'ana'a, da ɗoɗɗoya kaɗan, da ɗan yankin citta. Ba a sa ganyen shayin kanti, shi hana barci yake yi. A tafasa ruwa a sauke, a zuba ganyen a rufe ya tsumu, a tace. Bayan isha'i take kawo mini tsakar gida kan tabarma, fitilu a kashe, waya a ɗaki. Kun taso kuna cewa rowar batir ce ta sa muke kashe fitilu, to yau ka ji asali. Da farko na zauna ina kumbure-kumbure. Da ido ya saba sai na ga ashe akwai taurari a Gwagwalada, ni ne na kore su da fitilata. Ƙamshin na'ana'a yana tashi, kofi ya ɗumama hannu, sai na ji bakina ya fara ba ta wata tatsuniya ta kakata. Ita kakata ba ta yarda a yi tatsuniya da rana, ta ce mai yi ɓata yake. Ashe da na kori dare daga gidana tatsuniya ma ta bi shi, shi ya sa ba ku samu ko rabin abin da na samu ba.

Ba dare ɗaya na warke ba, kada in yi maka irin ta mai lasifika. Sai da aka jima kafin in yi barcin da ban ji komai ba sai kiran salla. Ran nan na ci ɗumame har na nemi ƙari, Ummanka ta juya baya tana share ido da gefen mayafi, wai hayaƙi ne.

Da na ga sauƙi sai na yi wautar sabon tuba. Ni da na yi wa ganye dariya a mota, na koma limaminsa. Na shiga kantin maganin gargajiya irin na zamani, mai kwalabe da rubutu, na kwaso tataccen babunaj, da na za'afaran, da wasu ƙwayoyin ganye da aka ce suna sa nishaɗi, na haɗa da zoɓo mai kauri safe da yamma. Ga shi ina kan ƙwayar hawan jini ta asibiti, amma na ce ai ganye ne, ganye ba ya cutarwa. Wata safiya na miƙe daga kan keke, shago ya juya da ni, ban farka ba sai a kan benci, telan nan da na zarga yana yi mini fifita da kwalin shadda. Shi ya tari mota ya kai ni asibiti.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi yayarka ba. Ta auna ni ta ce, "Baba, bayan maganinmu akwai abin da kake sha?"

Na ce, "Shayi kawai."

Ummanka ta buɗe jaka ta riƙa jera kwalabe a kan tebur kamar mai baje koli.

Likita ta ce, "Baba, wannan shayin naka da yawa yake."

Ta bi su tana karantawa, ta ware wasu ta ce a ajiye. Shayin tsakar gida ta ce a ci gaba, zoɓo a rage, don da shi da ƙwayar asibiti tare suke jan jini ƙasa. Ta tambayi barcina, Ummanka ta kwashe labarin mai gadi ta ba ta. Likita ta ce jikin mutum yana da agogonsa, haske ke saita shi, in ana haska ido da dare sai agogon ya rikice, barci ya lalace, zuciya ta bi baya. Ta ce abin da na yi fama da shi ciwo ne mai suna kamar yadda hawan jini ke da suna, ganye yakan taimaka wa mai ƙaraminsa ya samu natsuwa, amma in ya yi nauyi akwai magani da masu sauraron mutum a asibiti, kuma ba abin kunya ba ne. Na zauna ina jin zancen mai kaji yana fitowa daga bakin mai farar riga, na ce a raina, Allah Ka yafe mini dariyar nan.

Ganye magani ne, Habibu, don haka yana da ƙa'ida. Kaɗan ya isa. Ranar da ka je gaban likita, ka faɗa masa duk abin da ke shiga cikinka, don can babu mai zazzage maka jaka a tebur. In ka tambaye ni me ya warkar da ni bayan ikon Allah, ban iya rabewa ba. Ban san nawa ne na ganyen, nawa ne na duhun, nawa ne na zaman da matar nan ta riƙa yi kusa da ni tana sauraron tatsuniyar da ta riga ta haddace ba. Tare suka zo mini, kai ma kada ka raba su.

A jakarka akwai ƙullin busasshen ganyen, a inuwa aka shanya shi don kada ƙamshin ya gudu. In ya ƙare ka nema wurin masu kayan miya a Masaka, ka ga ganyen da idonka, ko ka dasa na'ana'a a gwangwani bakin taga, ba ta da fushi. Can ƙasan jakar kuma akwai baƙin labule mai ninki biyu, ni na ɗinka, da hoton tagar da ka nuna mini a waya na auna, in ya yi gajere laifin hoton ne. Makon da kake aikin dare, in ka dawo ka sauke shi ka yi barcinka cikakke, kada ka ce bari ka ɗan duba waya. Makon aikin rana kuwa ka bar rana ta gan ka da safe, ko da a tafiyar ƙafa ce zuwa tasha. A ofishinku azahar da isha'i kamarsu ɗaya, to ka riƙa fita waje yin alwala ka ga sama, jikinka ya san inda aka kwana.

In kuwa ka yi duk wannan nauyin bai sauka ba, ko ka fara jin duniyar ta ishe ka, kada ka kwana da tunanin kai kaɗai. Ka nufi asibiti, ka kira mu a hanya. Gwagwalada ba bayan duniya ba ce. Aiki in ya tafi wani na zuwa, kai kuwa guda ɗaya muke da irinka.

Allah Ya tsare mana kai a hanya da masauki, Ya kare ka daga sharrin mota da na mutum, Ya sa albarka a abin da za ka samu, Ya ba ka barci mai daɗi da farkawa cikin ƙarfi. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka tun kafin ka tafi. Ka gaishe mini da Maman Dauda in ka zaga tsohuwar unguwa, ka shirya cin gwate ko kana so ko ba ka so. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Mahaifinka,
Isiyaku Tela

Af, ga wani abu da ya rage. Na daɗe ina juya yadda zan kawo maka zancen nan, don na san yaran yanzu, ka ce musu ganye da duhu su ce tsufa ya kama Baba. Sai ranar Asabar da la'asar ina zaune a tsakar gida, wani saurayi yana ninke riguna yana cusawa a jaka, ya ɗago ya ce mini, "Baba, ka san kuwa na karanta a waya, wai hasken lantarki da dare yana jawo ciwon damuwa? Wai har irin shayin nan na Umma yana taimakawa. Ni fa tunda na daina kwana da waya na ji daban. Kai ma ya kamata ka riƙa kula." Na riƙe haɓa na ce, "Haba? Ikon Allah!" Ummanka ta shige kicin da sauri don kada dariya ta tona mu. Ran nan na yi barci har da munshari. Cikin duk masu kawo mini zancen nan shi ne na ƙarshe, kuma daga bakinsa ya fi yi mini daɗi. In ka haɗu da shi a Nyanya ka ce ya riƙe maganarsa, sunansa Habibu Isiyaku.